ƘANANAN INJINAN TOBAIN: ZA SU BIYA BUKATAR MASU SANA'A A KUDANCIN KADUNA?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, batun wutar lantarki ya zama babban abin da ke ci wa masu ƙananan masana'antu tuwo a ƙwarya. Farashin fetur ya ninka, na dizal ya haura Naira dubu ɗaya kowace lita, sannan a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta. A garuruwa irin su Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, masu injin niƙa da masu ƙanƙara da masu walda da dillalan citta sun daɗe da sanin cewa janareto shi ne ainihin tashar wutarsu.

A irin wannan hali ne akan ji ana yabon wani nau'in inji da ake kira ƙaramin tobain, wanda aka ce ba ya shan baƙin mai, ba ya jijjiga, kuma yakan yi shekara yana aiki ba a taɓa shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa ba ya sayen inji don kyansa, sai don abin da zai bar masa a aljihu a ƙarshen shekara. Wannan darasi zai duba yadda injin yake aiki, da dalilin da ya sa ƙanƙantarsa ke rage masa ƙarfi, da kuma lissafin da ya kamata a yi kafin a zuba jari a kansa.

Mene Ne Injin Tobain?

Da farko ya kamata a warware wani ruɗani. A kasuwannin Arewa idan aka ce "gas" galibi dizal ake nufi. Amma idan injiniyoyi suka ce tobain mai aiki da gas, suna nufin inji ne da zazzafar iska ke juya farfelarsa, ko da me aka ƙona aka samar da zafin: iskar gas, ko kananzir, ko dizal.

Injin janareto da aka saba da shi yana da fistin da ke hawa da sauka. Tobain ba shi da fistin. Yana da sassa uku jere a kan sanda guda. Na farko shi ne kwamfiresa, wato farfelar da ke zuƙo iska ta matse ta. Na biyu shi ne ɗakin ƙona mai, inda ake fesa mai cikin matsattsiyar iskar a kunna mata wuta, tana ci ba tsayawa kamar wutar zuga-zugin maƙeri. Na uku shi ne farfelar tobain kanta, wadda zazzafar iskar ke bugawa ta juya. Wannan juyi shi ke tafiyar da kwamfiresar, abin da ya yi saura kuma shi ake mayarwa wutar lantarki.

A nan sirrin al'amarin yake. Kwamfiresa kan cinye fiye da rabin ƙarfin da farfelar ta samar. Injin yana kama da ɗan kasuwar da kuɗin dako ke cinye masa fiye da rabin cinikinsa: ƙaramar asara a ko'ina tana iya share ribar gaba ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihi

Saboda wannan dalili ne aka daɗe ba a samu tobain mai amfani ba. Sai a 1903 wani injiniya ɗan ƙasar Nowe, Aegidius Elling, ya ƙera wanda ya ba da ƙarfin da ya wuce abin da kwamfiresarsa ke ci. A 1939 kamfanin Brown Boveri ya kafa tashar lantarki ta farko mai irin wannan inji a garin Neuchatel na ƙasar Suwizalan, mai ƙarfin megawat 4, wadda ke mayar da kimanin kashi 17 cikin ɗari na zafin mai zuwa lantarki. A daidai wannan zamani ne injin ya shiga jiragen sama.

Nijeriya ta san manyan injinan tun farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa tashar Afam kusa da Fatakwal. Tashar Geregu da ke Ajakuta, wadda aka buɗe a 2007, ita ma da su take aiki. Manyan injinan zamani kan mayar da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na zafin mai zuwa lantarki, idan kuma aka haɗa su da tukunyar tururi mai amfani da hayaƙinsu, sukan wuce kashi 60.

Ƙanana kuwa tarihinsu cike yake da fata da koma-baya. A 1963 da 1964 kamfanin Chrysler na Amurka ya ƙera motoci 55 masu injin tobain, ya ba jama'a aro su gwada. Motocin sun yi tafiya lafiya, amma suna shan mai da yawa a cunkoson gari, kuma ƙera su na da tsada, don haka ba a kai su kasuwa ba. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Alan Epstein na jami'ar MIT ya jagoranci yunƙurin ƙera tobain da bai fi maɓallin riga girma ba, domin ya maye gurbin batir. An shafe shekaru ana bincike, an kuma koyi abubuwa da dama, amma injin bai shiga kasuwa ba.

Wanda ya samu shiga shi ne matsakaici. A 1998 kamfanin Capstone na jihar Kalifoniya ya fara sayar da inji mai ƙarfin kilowat 30, wanda bai fi babban firji girma ba. Daga baya ya fito da masu kilowat 65 da 200. Irin waɗannan su ne ake nufi da ƙananan tobain a fagen kasuwanci.

Me Ya Sa Ƙanƙanta Ke Rage Ƙarfi?

Dalilai huɗu ne, kuma duk daga ɗabi'ar abubuwa suka samo asali, ba daga sakacin maƙera ba.

Na ɗaya, sauri. Abin da ke matse iska shi ne gudun bakin farfela. Idan farfelar ƙarama ce, tilas ta yi juyi da yawa kafin bakinta ya kai gudun da ake bukata. Babban tobain na tashar lantarki yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Na kilowat 30 yana juyi 96,000. A irin wannan gudu, ƙaramar karkata a farfela na iya tarwatsa injin, shi ya sa ƙera shi ke bukatar ƙarafa na musamman da na'urori masu tsananin daidaito.

Na biyu, yoyo. Dole a bar 'yar tazara tsakanin bakin farfela da bangon injin don kada su gogi juna. Ba a iya rage wannan tazara gwargwadon yadda aka rage girman injin. Saboda haka iskar da ke sulalewa ta nan ba tare da ta yi aiki ba, kasonta ya fi yawa a ƙaramin inji.

Na uku, ɓacewar zafi. Kowace uwargida ta san ƙaramar tukunya ta fi babba saurin hucewa. Haka abin yake a nan: ƙaramin inji yana zubar da kaso mafi yawa na zafinsa ta jikinsa, iska kuma tana ƙara gogayya da bangonsa.

Na huɗu, iyakar zafi. Tobain yana ƙara tsimin mai ne idan wutar cikinsa ta ƙara zafi. A manyan injina akan huda ƙananan hanyoyi cikin fukafukan farfela don iska mai sanyi ta ratsa, su jure zafin da ya wuce digiri 1,400. Fukafukan ƙaramin inji sun yi ƙanƙanta da wannan dabara, don haka ake tsayar da zafinsu ƙasa da digiri 1,000.

Idan aka bar ƙaramin tobain haka nan, abin da zai mayar lantarki bai fi kashi 15 cikin ɗari ba. Maƙera sun magance wani ɓangare na matsalar da wata na'ura mai karɓar zafin hayaƙi ta ɗumama iskar da ke shirin shiga ɗakin ƙona mai. Da ita ne injin kilowat 30 ya kai kimanin kashi 26, na kilowat 65 kashi 29, na kilowat 200 kuma kashi 33. Sai dai wannan na'ura tana cikin sassan da suka fi tsada a injin.

Alfanun Da Ba A Musantawa

Duk da haka injin yana da kyawawan halaye. Irin na Capstone abu ɗaya tak ke motsi a cikinsa, wato sandar da ke ɗauke da farfelun. Ba ta kan boris take juyawa ba, a kan matashin iska take shawagi, don haka babu baƙin mai, babu juye, babu lagireto da ruwansa. Yayin da injin dizal ke bukatar juye bayan kowace awa 250 zuwa 500, shi wannan akan duba shi ne bayan awa 8,000, babban garambawul kuma sai bayan awa 40,000. Hayaƙinsa ya fi tsabta, ba ya girgiza gini, kuma akwai nau'o'insa masu ƙona gas ɗin bola ko na rijiyar mai wanda ba a tace ba. Bugu da ƙari, kusan dukkan zafin da ya rage yana fita ta bututu ɗaya a kan digiri 270 zuwa 300. Idan aka kama shi aka yi amfani da shi, jimillar amfanin da ake samu daga man na iya kusantar kashi 80 cikin ɗari.

Lissafin Mai

A ɗauki misalin wani mai masana'anta a Fadan Kagoma da ke bukatar kilowat 30 na tsawon awa 10 a rana, kwana 300 a shekara. Bukatarsa ke nan yunit 90,000 na lantarki.

Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit 10. Janareton dizal mai lafiya da ke mayar da kashi 33 cikin ɗari zai ba da yunit 3.3 daga kowace lita, wato zai sha lita 27,300 a shekara. Ƙaramin tobain mai kashi 26 zai ba da yunit 2.6, ya sha lita 34,600. Bambancin lita 7,300 ne. Idan aka ƙiyasta lita a kan Naira 1,000, mai tobain ya yi ƙarin kashe Naira miliyan 7 da dubu 300 kowace shekara. Kuɗin juye da filta da ya tsira da su ba su kusanci wannan adadi ba.

Har ila yau, wannan lissafi ya ɗauka cewa injin na aiki da cikakken lodi. Aikin ƙaramar masana'anta ba haka yake ba: injin niƙa ya tashi, ya tsaya, a jira mai kawo hatsi. Tobain ya fi son lodi mai ɗorewa, kuma tsiminsa na raguwa idan lodin ya faɗi. Haka nan yawan kashewa da kunnawa na gajarta masa rai.

Zafi, Tudu Da Ƙura

Ƙarfin da aka rubuta a jikin kowane tobain an auna shi ne a bakin teku, a sanyin digiri 15. Injin yana rayuwa ne da nauyin iskar da ya zuƙa, iska kuwa tana rage nauyi idan ta yi zafi ko an hau tudu. Yankin Kafanchan yana bisa tudun da ya haura mita 700, abin da shi kaɗai ke rage kimanin kashi 8 cikin ɗari. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 35, jimillar raguwar na iya kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Wanda ya biya kuɗin kilowat 30 zai tarar da 24 ko ƙasa da haka a daidai lokacin da masu ƙanƙara suka fi bukatar wuta. Injin dizal ma yana raguwa, amma ba kamar haka ba.

Sai kuma ƙurar hunturu. Tobain yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin abin da injin fistin mai ƙarfi ɗaya da shi ke zuƙa. Ƙurar da ta tsallake filta tana manne wa farfela tana kuma goge ta. Adadin awoyin duba inji da aka ambata a sama ba a ƙasar da ke yin hazo wata uku aka tsara shi ba.

Batun Busar Da Citta

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan injin a wannan yanki ita ce citta. Ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne cibiyar noman citta a Nijeriya, ƙasar da ke cikin manyan masu samar da ita a duniya. Yawanci akan tsaga cittar a shanya ta a ƙasa ko kan duwatsu, inda ƙasa da tsakuwa ke shiga, idan kuma ba ta bushe sosai ba ta yi fumfuna, masu saye daga ƙetare su rage mata daraja. Inji mai ba da wuta da iska mai zafi a lokaci guda, a ido, ya dace da wannan sana'a.

To a auna. Injin kilowat 30 yana ƙona man da zafinsa ya kai kilowat 115. Talatin sun zama lantarki, daga cikin sauran kuma ana iya kama kimanin 55 zuwa 60. A na'urar busarwa, fitar da kilo ɗaya na ruwa yana cin kusan yunit ɗaya na zafi. Ɗanyar citta kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ce. Saboda haka a aikin awa 10 injin zai busar da kimanin kilo 700 na ɗanya, a samu busasshiya wajen kilo 160. Kuma tilas a sassauta zafin hayaƙin zuwa digiri 50 ko 60, domin zafi mai tsanani yana kore man da ke ba citta ƙamshi da daraja.

Wannan adadi ba abin rainawa ba ne, amma akwai cikas. Ana haƙar citta ne daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana da iskar hunturu ke busar da ita kyauta. Ma'ana, zafin injin zai yi gasa ne da abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, na tsawon wata uku ko huɗu. Sauran watannin, idan babu wani abin busarwa, zafin zai bi iska, injin ya koma janareto mai tsada kuma mai shan mai. Haka kuma annobar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 ta nuna haɗarin ɗora jari mai nauyi a kan amfanin gona guda ɗaya.

Gas, Jari Da Gyara

Inda ƙaramin tobain ke cin riba a duniya, galibi da iskar gas mai araha ta bututu yake aiki. A ranar 30 ga Yuni, 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Hanyarsa ta bi ta Abuja ne zuwa garin Kaduna, ba ta Kafanchan ba. Wanda ke Fadan Kagoma sai dai a yi masa dakon matsattsen gas a mota, kuɗin dako da na tukwane kuma su cinye wani kaso na arahar. Ko da gas ɗin ya samu, akwai janareto mai fistin da ke ƙona shi, wanda ya fi tobain tsimi da sauƙin kuɗi.

Game da jari, wani rahoto na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka na 2015 ya ƙiyasta kuɗin kafa irin waɗannan injina, haɗe da na'urar kama zafi, tsakanin dala 2,500 zuwa 4,300 a kan kowane kilowat, mafi ƙanƙanta shi ne mafi tsada. Na kilowat 30 ke nan zai kama dala 129,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, abin da ya mayar da kuɗin Naira miliyan 193. A watan Nuwamba na wannan shekarar Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Idan aka ci bashin banki a kan kashi 30, ruwan kaɗai Naira miliyan 58 ne a shekara, wato Naira 645 a kan kowane yunit, tun ba a sayi mai ba. Farashin wuta mafi tsada da aka ƙayyade wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024 Naira 225 ne.

Sai gyara. Idan injin dizal ya tsaya a Fadan Kagoma, akwai bakanike a Kafanchan, akwai kayan gyara a Jos da Panteka ta Kaduna. Farfelar da ke juyi 96,000 a minti ba a yi mata walda, na'urorin lantarkin da ke daidaita wutarta kuma sai wakilin kamfani. Maƙeran su ma 'yan kaɗan ne. Capstone, wanda ya fi kowa sayarwa, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Satumba na 2023, ya sake tsari ya fito a watan Disamba. Wanda ya sayi injin da zai yi shekara goma yana aiki, ya ɗaura kasuwancinsa ne a kan lafiyar kamfani guda da ke wata nahiya.

Inda Injin Ya Dace

Bai kamata a fahimci cewa injin ba shi da wuri a Nijeriya ba. Ya dace da rijiyoyin mai na yankin Neja Delta inda ake ƙona gas a banza, da tashoshin bututu masu nisa inda zuwan bakanike ya fi mai tsada. Yana iya dacewa da babban otal ko asibiti ko masana'antar abinci a unguwannin masana'antu irin su Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Chalawa a Kano, muddin gas na bututu ya isa ƙofarsu kuma suna bukatar ruwan zafi ko tururi dare da rana.

Saboda haka duk ɗan kasuwar da aka yi wa tallar wannan inji ya nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Shin akwai gas mai araha da zai riƙa isowa ba yankewa? Shin injin zai yi aiki da cikakken lodi aƙalla awa 6,000 a shekara? Shin akwai aikin da zai ci zafinsa a yawancin watannin shekara? Kuma wane ne zai gyara shi, cikin kwana nawa, da wane kuɗi? Idan amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, lissafin ba zai tsaya ba.

A Fadan Kagoma da maƙwabtanta, ƙaramar masana'anta da wuya ta amsa ko biyu daga cikin huɗun. Jarin da zai sayi tobain ɗaya zai isa a kafa farantan hasken rana don aikin yini, da janareton dizal daidai lodi don dare da ranakun hadari, da tsabtataccen dandamalin siminti ko rumfar shanya mai rufin leda don citta, a kuma bar canji na sayen kaya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A harkar wuta, man shi ne kuɗin kowane yunit, kuma da shi ya kamata a auna kowane inji, sabo ko tsoho.